Ranar da Muka Ce Ba a Yi Ba

"To ki faɗa da bakinki mana, Solange. Ki ce ba a yi ranar ba."

"Ni ban ce ba a yi ba..."

"Me kika ce?"

"Cewa na yi ka yi shiru. Shiru kawai, Tullio. Mutumin nan zai zo gobe, ya yi 'yan tambayoyinsa, ya sha kofi, ya koma Brussels. Me zai ragu a jikinka?"

"Ke za ki ragu."

A ɗakin bayan shagona suke wannan, inda nake jibge akwatunan kwalabe. Ni kuwa ina tsaye jikin ƙofa da tsumma, ina goge wani kofi da tun ɗazu ya bushe. Kada wata ta ce laɓe nake yi. Shagona ne, ƙofata ce, katakon kuma siriri ne, don marigayi mijina Honoré bai taɓa sayen abu mai kauri ba.

Na ji ta ja majina.

"Rabin raina, ka dube ni. Ka san yadda abin yake. Shekara guda tamu, shekara guda ta 'yan Filaman na arewacin ƙasar nan. In aka cire ni bana, baɗi waƙar yarensu za a kai gasar. Kafin a sake zagayowa kanmu, wa zai tuna da wata 'yar layin kwal?"

"Ni zan tuna."

"Kai kaɗai..."

"Da can na ishe ki."

Sai na ji ta ce, a hankali, "Waƙarka ce fa. Duk Turai za ta ji waƙarka."

"Ba Turai na yi wa ba."

Bari in koma baya, 'yan mata, don na san na jefa ku tsakiyar magana. Halina ne.

Sunana Fernande, kowa Gwaggo yake ce min. Shagon kofi da giya nake da shi a unguwarmu ta 'yan kwal, gefen Charleroi, daidai inda hanya ke gangarowa daga bakin rami. Duk wanda ya fito daga ƙarƙashin ƙasa sai ya tsaya wurina ya wanke maƙogwaro, kuma maƙogwaron da aka wanke ba ya riƙe sirri.

Solange 'yar Anselme Dethier ce, shugaban leburorin ƙasan rami, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka. Yarinya ce doguwa, mai ɗan karkataccen haƙori a gaba da take rufewa da hannu in za ta yi dariya. Amma in ta buɗe baki da waƙa, har kare sai ya kwanta.

Tullio kuwa ɗan Gaspare ne, cikin mutanen Sisiliya ta ƙasar Italiya da aka kwaso a jirgin ƙasa bayan yaƙi don su haƙo mana kwal. Gaspare ya haƙa har ƙurar ta cika masa ƙirji, ya mutu a zaune, don kwanciya ta gagare shi. Ɗan ya rantse ba zai shiga rami ba, ya kama aiki a masana'antar gilashi, ran Lahadi kuma ya zo shagona da akodiyon ɗinsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa. Nan suka haɗu. Ni ce ta fara ganewa, tun kafin su da kansu su gane.

To, ranar Barbara, waliyyiyar masu haƙa, ba wanda ke sauka ƙasa. Da safe coci, sai 'yan badujala su zagaya unguwa, da rana kuma kowa ya hallara a shagona da kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. A shekarar nan ita ce Barbara ta farko ba Gaspare. Matarsa, Inna Nunzia, tana zaune a lungu cikin baƙaƙen kaya, an ajiye mata lemo ba ta taɓa ba.

Sai Tullio ya ja akodiyon, Solange ta hau kujera.

Waƙa ce da ya tsara, ba wanda ya taɓa ji. Labarin wata mata ce da kullum yamma take tsayawa a taga tana jiran mijinta ya ɓullo kan hanya da baƙar fuska ta ƙurar kwal, har bayan da ta san ba zai ƙara ɓullowa ba. Da Faransanci ya yi ta, yaren da uwarsa ba ta gama ji ba, amma ta gane. Kowa ya gane. Na ga ƙartin da suka tono gawarwakin abokansu ba su yi hawaye ba, ran nan suna share ido da hula.

Tana sauka daga kujerar ya ajiye akodiyon, ya durƙusa a kan dandamalin da giya ta jiƙe, da sabon wandonsa.

"Solange, ba ni da komai sai abin da kika ji yanzu. Za ki aure ni?"

Ta manta ba ta rufe haƙorin ba.

"Eh," ta ce. "Eh mana, wawa, tashi, ka ɓata wandonka."

Shago ya kaure. Inna Nunzia ta taso ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu ta sumbaci goshinta. Anselme kaɗai ya miƙe, ya bar giyarsa ko rabi bai sha ba, abin da ban taɓa gani ba.

"Ina raye 'yata ba za ta auri ɗan taliya ba," in ji shi. "Ku rubuta ku ajiye."

Ba wanda ya damu da shi. Mun ce zai huce.

Bayan sabuwar shekara wani mai neman mawaƙa, Mesye Lambotte, mai gashin baki kamar an zana da biro, ya ji muryarta a gwajin gidan rediyo. Ya tambayi waƙar, ya sa ta cikin zaɓen ƙasa. Ta cinye. Ita za ta wakilci Beljiyam a babbar gasar ƙasashe, 'yar Anselme, wadda na sha goge wa hanci.

Amma gasar tana da doka. Waƙa sai sabuwa dal, wadda ba a taɓa rerawa gaban taro ba kafin shekarar ta kama.

Wadda ta zo ta biyu a zaɓen kuwa Josiane Pirlot ce, 'yar unguwar bayan tasha, mai rina gashi kamar ƙwanduwar ƙwai. Ta daɗe tana yi wa Tullio fari da ido yana kallon bango. Kuma ranar Barbara tana shagona, a tebur na kusa da murhu, ni na zuba mata abin sha. Ta ɗaga waya ta kira gidan talbijin ta kai ƙara.

Shi ya kawo faɗan ɗakin baya.

Washegari mutumin Brussels, mai binciken ƙarar, ya iso, siriri, da tabarau da lema. Ba mu yi taro ba, na rantse. Ba wanda ya ce wa wani ga abin da za a faɗa. Amma unguwar da ramukanta ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka ce yau sunanta zai fito a talbijin ɗin ƙasashe, me kuke tsammani?

Ya fara da tsoho Célestin.

"Baba, ranar Barbara da ta wuce, an yi waƙa a nan?"

"Ɗan nan, ni ranar Barbara daga kofi na uku ban ƙara sanin inda hulata take ba, balle waƙa."

Ya juya ga 'yan'uwan nan biyu masu kiwon tantabaru.

"Badujala dai muka ji."

"Ita ma ba daɗi," in ji ƙanen.

Ya zo kaina. Na ce ni ina can baya ina soya dankali, mai yana ƙara, ko bindiga aka harba ba zan ji ba. Ya kalle ni ta saman tabarau, na kalle shi ta ƙasa. Ya ƙara sukari a kofinsa.

"An ce min har neman aure aka yi bayan waƙar," ya ce da Anselme.

Ku zo ku ga fuskar Anselme. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan.

"Neman aure? Na wa? 'Yata ba wanda ya taɓa nemanta, ranka ya daɗe. Da an yi ai ni zan fara sani."

Solange tana zaune kusa da Lambotte, kanta a ƙasa, tana murza bakin rigarta. Aka tambaye ta. Ta ce a ɗakin Lambotte ta fara rera waƙar, bayan sabuwar shekara. Muryarta ba ta yi rawa ba. Mawaƙiya ce, ta iya riƙe murya.

Nan Josiane ta miƙe, jakarta a hammata.

"Kai, amma ku dai ba ku da kunya. Har ke Gwaggo, da furfurarki?"

"Furfurata ai tawa ce, 'yar nan, ban saya a kanti ba."

Aka yi dariya. Da ma na yi shiru, don dariyar ce ta tunzura ta.

"To ga mai waƙar can," ta nuna Tullio da ke jingine jikin ƙofa, uwarsa na zaune gefensa. "Ku ce ya rantse da kabarin ubansa. Mutanensu ba sa ɗora ƙarya a kan mamaci. Ya rantse, ni kuma in tafi gida."

Mutumin Brussels ya ce a'a, ba a buƙatar rantsuwa, magana ta isa. Da an bar shi a nan da an wuce wurin.

Sai Anselme ya ce, yana cusa taba a lofe, "Ya rantse mana. Mai gaskiya me zai ji tsoro?"

Ya san abin da yake yi, tsohon banza. In yaron ya ƙi, ya kashe wa Solange gasa, ba za ta yafe masa ba. In ya yarda, ya goge neman aurensa da bakinsa.

Tullio bai kalli kowa ba sai ita.

Ta ɗago.

Ba ta ce komai ba, ni shaida ce. Idanunta ne kawai suka cika, leɓenta ya motsa ba sauti.

Ya cire hularsa.

"Na rantse da kabarin ubana Gaspare," ya ce, "ban taɓa jin ta rera waƙar nan a shagon nan ba. Ban kuma nemi auren kowa ba."

Inna Nunzia ba ta jin Faransanci sosai, amma ta ji sunan mijinta, ta ga hula a hannu. Ta tambayi maƙwabciyarta da yarensu, aka faɗa mata. Ta ja baƙin gyalenta ta rufe kai, ta miƙe. A bakin ƙofa sai da ta tattare siket ɗinta don kada ya taɓa ɗanta.

Mutumin Brussels ya ɗauki lemarsa. Aka bar Solange a gasa.

Ba wanda ya yi shewa. Célestin ma giyarsa ya biya ya tafi tun rana ba ta faɗi ba.

Daga ran nan Lambotte ya kwashe ta zuwa Brussels, koyon tafiya, koyon murmushi, ɗinkin riga. Har haƙorin suka sa aka gyara mata. Takan kira wayar shagona.

"Gwaggo, ya zo?"

"Bai zo ba, 'yata."

"Ki ce masa... ki ce ina tunaninsa. Ki ce da na dawo komai zai koma yadda yake."

Nakan faɗa masa in na tare shi a hanyar masana'anta. Sai ya ce, "Na gode, Gwaggo," ya wuce. Ya daina zuwa ran Lahadi. Maƙwabciyarsu ta shaida min uwar tana dafa abinci ta ajiye masa a tebur, ta koma kicin ta ci nata a tsaye. Maƙabarta ma ita kaɗai take zuwa. Ran da ya bi ta, ta tsaya a ƙofar shiga, ba ta motsa ba har sai da ya juya.

Ranar gasa na yi hayar talbijin na ɗora kan akwatuna. Shago ya cika har tagogi suna gumi. Anselme ya zo da sabuwar hula, ya zauna a gaba, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifi talbijin ɗin.

Da aka zo kanmu mai gabatarwa ya ce ga Solange, furen ƙasar kwal, budurwar da har yanzu ba wanda ya sace zuciyarta.

Ta fito cikin farar riga, makaɗa sun fi yatsun hannu da na ƙafa, wani mai sanda yana kaɗa musu. Ta yi kyau, ba zan rage mata ba. Amma sun taɓa waƙar. Sun ce ta yi tsawo, suka yanke baitin da mijin ke tari. Baƙar fuskar ma sun cire. Matar taga yanzu saurayi take jira wanda ya tafi yawon duniya, har da ɗan kiɗan tafi a tsakiya.

"Wannan ce?" Célestin ya tambaya da ƙarfi. "Ai ba haka take ba ranar da..."

Aka dunguro shi ta ko'ina, ya haɗiye sauran.

Na waiga in ɗauko kwalba, sai na hango Tullio a waje, bayan gilashin taga, hannuwa cikin aljihu. Ya tsaya har ta kai ƙarshe. Da ta rusuna ana tafi na sake dubawa, ba kowa.

Ba ta ci ba. Can tsakiya ta zo, ba yabo ba fallasa. Muka zazzagi alƙalan Holan, muka zazzagi na Faransa da muke yare ɗaya amma suka hana mu ko ƙwayar maki, kowa ya tafi gida.

Ta dawo wata Lahadi da rana, a motar Lambotte, da wani ɗan jarida mai kyamara a wuya. Wai za a ɗauki hotonta cikin mutanenta kafin ta wuce Paris yin faifai. Ta rame. Ta rungume ni, na ji ƙasusuwan bayanta.

"Gwaggo, ki taimake ni," ta raɗa min. "Ki kawo min shi. Ko da jan kunne ne."

Na kwance ƙyallen aikin da ke ƙuguna na tafi da kaina. Na same shi yana ɗaure wani akwati da igiya. Na ce in bai biyo ni ba zan tsaya a ƙofar gidansu in yi ta kiran sunansa har 'yan sanda su zo. Ya san zan iya. Ya biyo ni.

Yana shigowa ta miƙe tsakiyar shago. Lambotte na mata alama da ido ta zauna, ba ta ko dube shi ba.

"Ina da magana," ta ce. "Kai mai jarida, ka rubuta. Waƙar da na kai gasa ba sabuwa ba ce. A nan na fara rera ta, ranar Barbara, gaban mutanen nan duka. Wancan da ke tsaye shi ya yi ta, don babansa. Ran nan ya nemi aurena, na ce eh. Har gobe eh ɗin nake cewa."

Ɗan jarida ya zaro biro.

Lambotte ya yi wata 'yar dariya. "Gajiya ce, ka san tafiya..."

"Gajiya ce," Anselme ya karɓe. "Tun tana ƙarama in ta gaji sai sambatu."

Ta juya ga jama'a.

"Baba Célestin, kai ka yi kuka ran nan. Na gan ka."

Célestin ya kalli ɗan jarida, ya kalli biron. Ya tuna sunan unguwa, ya tuna abin da ya faɗa wa mutumin Brussels.

"Ni, 'yata? Ban tuna ba."

"Ku fa?" ta ce da masu tantabaru.

Suka duƙa kan kofunansu.

Don ita suke yi, ku gane. Sun ɗauka rufa mata asiri suke, kada ta kashe kanta da bakinta. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, duk mutanen da suka yi mata tafi ran nan, ba wanda ya ɗago.

"An yi," na ce daga bayan kantar shago. "Ni na goge giyar da ya durƙusa a kai."

"Ai Gwaggo Fernande ce," wani ya gaya wa ɗan jaridan. "Ita ko ba a yi ba sai ta gani."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya mayar da biron aljihu.

Sai ta nufi Tullio. Hawaye ya wanke duk kwalliyar Brussels.

"Masoyina, kai ka faɗa musu. Kai ka durƙusa. In ka faɗa za su yarda."

Muryarsa ko ɗaga ta bai yi ba.

"Na ɗora sunan ubana na ce ban yi ba, Solange. In yau na ce na yi, na sake tono shi ke nan."

"Ni na sa ka. Laifina ne. Zan je wurin Inna Nunzia, in kwanta a ƙofarta har ta yafe mana... na bar Paris, na bar faifan, ba na so..."

"Jibi za mu tafi, ni da ita. Ta ce ba za ta ƙara kirana ɗanta ba sai na mayar da ita Sisiliya."

"To ku tafi da ni."

"A'a."

"Don me? Ka daina sona?"

"Da na daina ai da sauƙi."

Ta kama hannun rigarsa da hannu biyu. Ya sa yatsu yana ɓamɓare nata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada su karye.

"Kin ce ke kika sa ni. Ba ki sa ni ba. Ko kalma ba ki furta ba, kallona kawai kika yi, na sayar da ubana. Abin da ke hana ni barci ke nan. In na aure ki, gobe kika sake kallona haka, ban san me zan sayar ba."

"Ba zan ƙara ba, Tullio. Na rantse da..."

"Kada ki rantse."

Ya saki hannunta. Ya dubi Anselme, wanda lofensa ya mutu tun ɗazu bai sani ba.

"Ga 'yarka nan, Baba. Ba wanda ya taɓa nemanta."

Ta kira sunansa. Ta sake kira, muryar nan da duk Turai ta ji ta tsage a tsakiya.

Bai waigo ba. Ya fita ya bugo ƙofar da ƙarfi har kofunan da ke kan kantar shago suka yi ƙara.